Rigar da Ba Ta da Ɗinki

Litinin, 4 ga Agusta, 1997

Abdulwahid ƙanena ya dawo daga jami'a a Zariya da takardu cike da jaka. Wai ya koya wa kwamfuta yadda tufa ke zuba a jikin mutum, tun ba a saƙa ba. Baba ya riƙe hoton babbar rigar da injin ya zana kamar an ba shi allon sauka. Shekara goma sha tara ina bakin masaƙarsa, bai taɓa duban saƙata haka ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Baba ya manna hoton a zaure. Duk wanda ya shigo sai ya ji "ɗana mai kwamfuta". Ni kuma ɗan wa?

Lahadi, 10 ga Agusta

Na dawo daga kasuwa, na tsaya na ƙare wa hoton kallo. Ashe banza ne! Rigar ta zubo sumul kamar yadin kanti. Saƙarmu ƙyallaye ne sirara ake harhaɗawa, kowane ɗinki yana da tauri, shi ya sa riga ke tsayawa a kafaɗa. Yaron ya manta da ɗinkin gaba ɗaya. Wata mai zuwa zai kai aikin gaban malamansa. Ban gaya masa ba. Wallahi daɗi na ji.

Talata, 12 ga Agusta

Na gaya wa Kulu matata. Ta ce, "To, ka gaya masa mana." Na ce ya tambayi kwamfutarsa. Ta ce hassada ga mai rabo taki. Ban ci tuwonta ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Abdulwahid ya zo ya tsuguna gefen masaƙa, ruwan sama na ɗiga masa daga rumfa. "Yaya, lissafin daidai yake, amma rigar ba ta kama da ta Baba. Idona ya kasa gano dalili." Na ce ban yi boko ba. Ya daɗe bai tashi ba. Haka yake tsugunawa yana yaro in ina kaɗa zare.

Talata, 19 ga Agusta

Ya koma Zariya da safe. Na sa masa ƙyalle shida a jaka, uku a ɗinke, uku a warware. Na ce ya rataya su a kujera ya duba da kyau. Ragowar zare ne, dama zubarwa zan yi. Ya tambayi yadda ake rubuta cikakken sunana, wai zai sa a littafin aikin da zai kai wa malamansa. Na ce Shu'ibu kawai ya isa. Sai da motar ta tashi na bi ta da gudu na ce ya ƙara "Masaƙi".