Teburin Sabulu a Ƙofar Gida

Litinin, 3 ga Maris
Surukata ce ke rubuta mini wannan, ni ban taɓa riƙe alƙalami ba. Ki sa yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.
Tun ina goyon mijinki nake sayar da sabulu a ƙofar gidan nan. In saro sanda, in yanka da zare, kowa ya sayi daidai ƙarfinsa. Ga shi an buɗe sabon shago a tsallaken titi, yana sayarwa ƙasa da yadda nake sarowa. Yau ƙuda kaɗai ya leƙo teburina.

Laraba, 5 ga Maris
Ɗana ya ce Turawa suna da suna ga wannan, wai dampin. Mutum ya zube kaya a kasuwa da asara, da gangan, har na kusa da shi su naɗe tabarma, sannan ya tsuga kuɗi. Na ce to ni da nake yi wa matar makaho ragi fa? Ya ce a'a Inna, naki sauƙi ne, ba a kiransa haka, sai in da niyyar kora. Na ce oho, ashe har mugunta sai da suka yi mata suna.

Asabar, 15 ga Maris
Mai wanki, da ya saba saye a wajena, ya wuce da kwalin sabulun shago a ka, yana kallon sama kamar mai neman wata. Ban ga laifinsa ba, yana da iyali.

Lahadi, 23 ga Maris
An shigo da tebur, saboda rana. Saboda rana kawai.

Alhamis, 10 ga Afrilu
Farashin shago ya tashi, har ya zarce nawa na da. Mai wanki ya yi sallama, wai Baba ki fito mana, yaron shagon nan zai yanka mu. Na ce ai wuyanka ya warke, yanzu ka iya kallon ƙasa? Muka yi dariya.
Na ce masa zan duba. Amma keken ɗinkinki ya zauna daram a teburin nan, kuma gwiwata ba ta tashe ni da asuba ba kwanan nan. Ban ce na daina ba fa, kar ki rubuta haka. Na dai ce masa ya gwada matar makaho, na nuna mata inda ake sari.
Na gaji. Ajiye.

Inna ta juya ta fuskanci bango.