Na Hura Wutar Gashi a Tsakar Gidanka

Assalamu alaikum, Baban Habiba.

Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya haskaka makwancinka. Na san takardar nan ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma Habiba za ka miƙa wa ta karanta maka, tunda hayaƙin tukuba ya daɗe da cinye maka ido. Duk da haka zan rubuta, don akwai maganar da ta tokare mini ƙirji, kuma kai ne mai ita.

Yara suna lafiya. Habiba ta shiga sakandare, Sadiya ta fara famfara, ba ta yarda ta yi dariya a gaban baƙi. Mahaifiyarka Inna ciwon ƙafa ya matsa mata tun faɗuwar damina. Ƙanenka Isuhu ne ke zaune a tukubarka ta kasuwar Hunkuyi. Wannan ban ja da shi ba, sana'ar gidanku ce.

Abin da na ja da shi daban ne. Ina fita takaba ya zo zaure ya shimfiɗa mini zaɓi biyu. Ko in koma gidanmu da ke Furana, a raba yaran, Habiba gidansa, Sadiya wurin Inna. Ko kuma in zauna in ci gaba da daka masa yaji kamar yadda nake yi maka, shi kuma ya riƙa aiko mana da hatsi idan ya samu hali. Ka ji fa. Kai da kake mijina na daka maka don ina so. Shi a kan me? Na ce masa yarana ba kason nama ba ne da za a raba, kuma turmina ya huta.

Na sayar da tunkiyata. Yayana ya kai wa wani mai walda a Makarfi tsohon duro, ya tsaga shi biyu, ya yi masa ƙafafu, ya shimfiɗa masa ragar waya a sama. Mahautan Hunkuyi suka ƙi sayar mini da nama don kada su ɓata da Isuhu, sai yayan nawa ya riƙa sayo mini haƙarƙarin rago ranar kasuwar Makarfi, ya ɗauro a bayan babur.

Kana tsammanin duk shekarun da nake miƙo maka ruwa ranar Babbar Salla, kana gasa mana naman layya, ido kawai nake zuba maka? Ina kallon hannunka. Na tsattsaga tsakanin ƙasusuwan yadda kake yi, na murza gishiri da citta da tafarnuwa, na rufe shi ya tsumu. Na jira gawayi ya daina harshe, ya yi farar toka a baya, sannan na ɗora. Na farko ya ƙone ta gefe guda, muka cinye abinmu ni da yara, ba wanda ya ji labari. Na biyu kuwa na bi shi a hankali, ina juyawa, ina shafa man gyaɗa, ina barbaɗa yajin nan namu mai ƙuli-ƙuli da barkono da masoro da kimba, har naman ya fara sakin ƙashi.

Sai na yi abin da ka hana ni. Ka tuna ranar da na ce mu jiƙa ɗan mazarƙwaila mu shafa wa haƙarƙari gab da saukewa? Ka yi dariya, ka ce nama ba alewa ba ne. To na shafa, Baban Habiba. Bayansa ya yi ja yana ƙyalli, zaƙin ya tare zafin barkonon, mutum na zufa yana ƙara miƙa hannu. Ƙamshi bai gama tsallake katanga ba matan maƙwabta suka fara sallama. Su da ba sa zuwa bakin tukuba, sai abin da maza suka ga damar kawo musu a takarda, yau ga shi da zafinsa a cikin gida, su zauna a tabarma su zaɓi gefen da suke so.

Isuhu ya kai ƙarata wurin liman, wai na zubar da mutuncin gidan mahauta, mace da wutar gashi. Liman ya ce shi bai ga haram a ciki ba, tunda a gidana nake kuma halal nake sayarwa. Inna ta daina amsa gaisuwata sosai. Amma duk ranar da na gasa ina aika mata da wuri mai laushi, kuma kwanon a wanke yake dawowa.

Yanzu ga maganar da ban taɓa faɗa maka ba. Na ji haushinka. Mutane suna tahowa daga Kudan da Ikara saboda yajinka, kana murmushi kana karɓar yabo, ba ka taɓa cewa hannun Rabi ne ba, ko a gaban 'yan'uwanka. Da ka faɗa sau ɗaya, da Isuhu zai tsaya a zaurena ya yi mini kallon wadda ba ta iya komai ba sai cin hatsi? Na yafe maka tun kafin a ɗauke ka daga gidan nan. Amma ina so ka san ya yi mini ciwo. Kuma ina so ka san duk sanda na juya nama, sai na ji kamar in waiwaya in tambaye ka ko ya yi.

Ranar Asabar akwai biki a Gazara. Uwar amarya da kanta ta zo ta ce gashin haƙarƙarina take so a kai wa matan biki. Gidan tsofaffin masu cinikinka ne, don haka Isuhu ya aiko cewa idan na karɓi aikin, babu shi babu mu. Na karɓa. Na riga na aika a sayo gawayi.

Idan da kana nan ranka zai ɓaci, ka yi haƙuri. Yaranka suna kwana ɗaki ɗaya, suna ci suna ƙoshi, kuma ba zan kashe wutar nan ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya sada mu da alheri.

Matarka,
Rabi