Takardu Uku, Hannu Ɗaya

Litinin, 1 ga Satumba

Yau na hau kujerar. Ogana ya yi ritaya, ni ce yanzu shugabar sashen sayayya na hukumar gari. Daga tsintsiyar shara har kwangilar gada, sai da sa hannuna. Kujerar ta lotsa ta gefen hagu yadda ya saba kishingiɗa, duk yini ina gyara zama kamar mai ciwon ƙugu. An yi ta shigowa ana yi mini murna, har da waɗanda ba su taɓa amsa gaisuwata da kyau ba.

Da na dawo gida na yi sallama a bakin ƙofa, sannan na tuna babu mai amsawa. Tun rasuwar maigida bakina ya ƙi sabawa. Na kira 'yata a makaranta, ta ce tana cikin aji, za ta kira. Ba ta kira ba.

Asabar, 6 ga Satumba

Gidan Yaya, kamar kowace Asabar. Anti, matarsa, ta cika mini kwano kamar za a ciyar da 'yan ɗako. Yaya ya shigo daga shagon waldarsa, hannu baƙi ƙirin, yana cewa: "A tashi a ba gwamnati kujera! Auta ta zama gwamnati!" Yara suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Na ce masa gwamnatin da ya goya a baya ai ba ta da kwarjini a gidansa.

Shi ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, da waldar nan ya kai ni makaranta. Ba na ɓoye wa kaina: duk mako wannan ranar nake jira. Sauran kwanakin cika lissafi ne kawai.

Laraba, 10 ga Satumba

Ambaliyar makon jiya ta kwashe ƙarafan gefen gadar ƙafa da ke bayan kasuwa. Na je na gani. 'Yan makaranta na bi ta kai babu abin dafawa, ruwa na gudu a ƙasa. Ciyaman ya ce a gaggauta. Injiniya ya leƙo ofis ya ce: "Aikin Yayanki ne ai, shi ke mana walda tun kafin ki san hanyar nan."

Juma'a, 12 ga Satumba

Ban san ta inda zan fara ba.

Doka ta ce duk aikin da za a bayar, sai masu sana'a uku daban-daban sun kawo farashi, a zaɓi mai sauƙi. Amma garin nan ƙarami ne, kowace sana'a akwai mai ita. Sai aka saba: wanda za a ba aikin shi zai kawo takardun uku duka. Ɗaya da sunansa, biyu da sunayen aro masu farashi sama da nasa. A buga hatimi, kowa ya kama gabansa. Ina ganin ana yi tun ina ƙaramar ma'aikaciya, kullum raina na sosuwa, ina cewa ranar da na zauna a kujerar nan an daina.

To, ga ni a kujerar, kuma wanda ya fara kawo mini ukun Yaya ne. Ɗaya ta shagonsa, ɗaya da sunan surukinsa wanda ko guduma bai iya riƙewa ba, ɗaya da sunan wani shago da ya daɗe da komawa wurin aski. Duka rubutun hannunsa, da biro ɗaya ma, ko wahalar canzawa bai yi ba.

Na ce: "Yaya, ka kawo ɗaya da sunanka. Zan liƙa sanarwa a allo kowa ya nema. Ranar buɗewa kuma zan fita daga ɗakin, tunda kai ɗan'uwana ne."

Da farko dariya ya yi, ya zaci wasa nake. Da ya ga fuskata sai ya ce haka ake yi tun ina goyo. Na ce shi ya sa za a daina. Wannan maganar ce ta yi zafi, na sani, bakina ba shi da linzami in raina ya ɓaci. Ya ce: "Ni za ki koya wa gaskiya? Na taɓa yi wa garin nan aikin ha'inci?" Bai taɓa ba, wallahi bai taɓa ba. Ya tattara takardunsa ya ninke ya sa a aljihu.

Asabar, 13 ga Satumba

Na je. Anti ta ce yana shago, aiki ya yi masa yawa. Yaya bai taɓa aiki ranar Asabar da yamma ba. Na ci abin da zan iya ci na taho.

Asabar, 20 ga Satumba

Anti ta bugo waya da safe, wai za su je dubiya, kada in wahalar da kaina. Ban tambayi wa ba shi da lafiya ba.

Talata, 23 ga Satumba

Sanarwa na kan allo. A ofis an laƙaba mini suna, Uwar Doka. Na ji da kunnena a bakin matattakala. In na shiga ɗakin shan shayi sai hira ta mutu, kowa ya hau juya cokali. Mai fenti na bakin titi da kullum yake tsokanata, yau sai ya duƙufa yana goge gwangwanin da ba datti a jikinsa.

Oho dai. Ba don a so ni aka ɗora ni ba. Haka na gaya wa madubi da safe, shi ma bai yarda ba.

Asabar, 27 ga Satumba

Babu waya. Na dafa shinkafa ta yi mini yawa.

Alhamis, 2 ga Oktoba

An buɗe akwatin neman kwangila. Har minti na ƙarshe ina sa ran ganin ambulan ɗinsa. Babu. Wani kamfani daga babban birni ya ci, takardunsu masu sheƙi, farashinsu mai sauƙi, wakilinsu yana ta ƙamshin turare. Komai bisa ƙa'ida. Ciyaman ya ce aikina ya yi kyau, yana faɗa yana kallon wayarsa.

Na yi abin da ya kamata. To me ya sa na kasa cin abinci?

Lahadi, 12 ga Oktoba

'Yata ta kira, na ba ta labari. Ta ce: "Mama, kin yi daidai, ki rabu da su." Da sauƙin faɗa, ita tana can cikin ƙawaye. Ina jin hayaniyarsu ta wayar, har sai da na ƙi ajiyewa da wuri don in ƙara ji.

Talata, 21 ga Oktoba

Ikon Allah!

Mun je duba aikin gada ni da Injiniya. Tun daga nesa na ga tartsatsin wuta, ga mai walda a tsugune cikin rigar leda ruwan ɗorawa mai tambarin kamfanin. Ban ga fuska ba, amma na san wannan tsugunnon, na san yadda yake karkata kafaɗar dama. Yaya ne.

Ashe kamfanin ba su da mai walda ko ɗaya. Sun shigo gari suka tambayi wa ya iya, aka nuna musu shagonsa, suka ɗauke shi aikin yini. Injiniya ya matso kusa da kunnena ya ce: "Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi." Na ji kamar in tura shi cikin ruwan.

Na gaishe da Yaya. Ya ɗaga murfin fuska, ya miƙe tsaye, ya ce: "Sannu da zuwa, ranki ya daɗe." Ni! Ni da ya wanke wa kai da sabulu yana yi mini faɗan kuka. Aikina ne in girgiza ƙarafan in ga ko sun kafu, na girgiza a gabansa. Ko motsi ba su yi ba. Ya mayar da murfinsa ya ci gaba.

A mota na ce wa Injiniya tartsatsin ne ya shigar mini ido.

Laraba, 22 ga Oktoba

Hannu ɗaya, ƙarfe ɗaya, gada ɗaya. Abin da ya canza kawai shi ne ribar ta hau mota ta bar garin, Yaya kuma ya koma yaron wani a bakin sana'arsa. Ina ta juya abin. Doka dai doka ce. Amma...

Asabar, 1 ga Nuwamba

Zumunci a ƙafa yake, na ce wa kaina, na saka takalmi na tafi ba tare da an kira ni ba. Anti ta yi mini maraba sosai, sosai har ya yi yawa. Ta kai ni falo. Ni da nake zama a kan turmi a bakin kicin ina tsince mata shinkafa. Ta kawo abinci a farantin nan mai zanen fure da take ajiyewa cikin kabad saboda baƙi, har da cokali a naɗe cikin tsumma. Yara suka zo suka durƙusa suka gaishe ni ɗaya bayan ɗaya suka fita.

Yaya ya shigo, mun gaisa, ya tambayi aiki, na tambayi shago. Ya ce gada ta kusa. Na ce madalla. Agogon bango na ta aikinsa. Da zagina aka yi da na san abin yi, na iya faɗa. Wannan karramawar ce ban iya ba.

Na gaji da kaina. Kewarsu nake ji ina zaune a cikin gidansu.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An gama gada, yara na bi suna shafa ƙarafan. Yanzu ƙofofin asibitin unguwa ne suka ruɓe, ga kuma ƙofar kasuwa da ke son walda. Sanarwa biyu a allo. Aikin ƙofofin asibitin, na katako, har yau babu wanda ya neme shi, kafintan garin ya ce shi bai iya wannan sabon tsarin ba. Ma'aikaciyar jinya ta zo da kanta, ta ce da zani suke tare ɗakin haihuwa. Kaina na sara tun safe.

Juma'a, 21 ga Nuwamba

Ba wani abu ba ne babba, in an duba.

Kafinta ya zo da takardun ƙofofin asibiti. Uku. Ban tsaya nazarin rubutun ba. Wato na gani, amma mutane da yawa rubutunsu kan yi kama, kuma ɗakin haihuwa ba ya jira, kuma in na ƙi, wani kamfanin zai zo ne ya ɗauke shi aikin yini. Na buga hatimi. Ya yi ta godiya, ya ce dama ya san ni 'yar gida ce. Rabon da wani ya yi mini murmushi haka a ofishin nan har na manta. Na ji daɗi, ba zan ce ban ji ba.

Da ya kauce daga gaban tebur sai ga Yaya a bayansa. Ban san tun yaushe yake tsaye ba. Ya sa rigarsa ta fita unguwa, a hannunsa ambulan na aikin ƙofar kasuwa. Ya ajiye a hankali ya ce: "Ga tawa. Ɗaya ce, da sunana, yadda kika ce."

Sai idonsa ya sauka kan ukun kafinta, tawadar hatimi ko bushewa ba ta yi ba. Ya daɗe yana kallo. Ya san rubutun kafinta, tare suka tashi.

"Ashe ana karɓa," ya ce. Ba da faɗa ba, kamar mai tambayar hanya.

Ya ja ƙofar a hankali ya fita. Ban bi shi ba. Da ya tsaya ya tambaye ni dalili, amsar da nake da ita ɗaya ce: kafinta ba ɗan'uwana ba ne. Gara da bai tsaya ba.