Fulas ɗinka da Motar Boga

Zuwa ga maigidana, Masta Iliyasu,

Assalamu alaikum, Baban Sadiya. Na san wannan takarda ba za ta same ka ba, babu motar da ke kai saƙo inda kake. To amma wa zan faɗa wa? Ko da kana raye ma da kunne ɗaya kake jin maganata, ɗayan yana can wajen ƙarar inji. Ka yi shiru yadda ka saba, ni in yi tawa.

Gida lafiya. Ina cikin takaba, ba na fita, Sadiya ce ke kai mini sobolo, wato zoɓon da nake sayarwa, kasuwar Alabar. Kwatar ƙofar gida ta sake cika da ruwan sama, wadda kullum kake cewa gobe za ka gyara. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Maganar ɗanka Bashiru ce, da rumfarka ta gyaran mota a Magazin, unguwar makanikai.

Yayanka Issaka ya zo bayan sadakar arba'in. Ya ce mutane hannunka suke bi, ba rumfa ba, tunda hannun ya tafi gara a ba masu sayar da taya wurin. Bashiru ya roƙe shi ya bari ya gama aikin da ka bari, in ya lalace a karɓe. Ni kuma na ji daga bakin Sadiya cewa in aka karɓe rumfar, Bashiru hanyar sahara zai bi tare da abokansa. Na rasa miji, kuma in rasa ɗa? Baban Sadiya, abinci ya daina wuce mini.

Ka tuna aikin? Motar bogan nan, ɗan ci-ranin da ya dawo daga Jamus, mai gudu kamar an kore ta, wadda ka ce ba a yi ta don ramukan hanyarmu ba. Da safe in an tayar da ita sai shuɗin hayaƙi ya turnuƙe, ga shan baƙin mai. Ka kwance kan injin, ka ce gaid ne suka cinye, 'yan bututun tagullan nan da bawul ke hawa da sauka a ciki. Ka ce bawul ɗin na rawa a cikinsu kamar haƙorin tsohuwa. Ka fitar da tsofaffin, ka sa aka feƙe sababbi, sai ciwo ya kayar da kai.

Bashiru ya yi duk abin da ya ga kana yi. Ya ɗora kan injin a kurfotin gawayi ya gasa shi, ya ɗauki gaid ya fara bugawa. Gaid ɗin ya shiga rabi ya cije, bakinsa ya tsage. Da ƙyar ya ciro shi bai ɓata ramin ba. Kan injin nan kuwa babu irinsa a Magazin kaf, in ya tsage shi ke nan. Ya dawo gida ya zauna a tsakar gida, hannu duk baƙin mai, ya ce shi dai Allah bai ba shi hannun ubansa ba.

Hannu! Wallahi raina ya ɓaci, kuma da kai ya ɓaci. Wane hannu? Ba ni ce nake kwana da gaid ɗinka a firiza ba, ƙunshe a leda, a ƙarƙashin sobolona? Sau nawa na yi maka masifa cewa za ka sa wa mutane warin ƙarfe a abin sha? Ba ni ce nake cika maka fulas da ƙanƙara da safe, in jefa su ciki ba? Duk Magazin sun ɗauka shayi kake ɗauke da shi. In lokacin sa gaid ya yi sai ka kori kowa su tafi cin wake da shinkafa, ka ja ƙyaure. Kai ka gaya mini zafi yana buɗe rami, sanyi yana tsuke tagulla, in sun haɗu sai ya shige ba gardama. Ka kuma sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba, wai haka mastanka ya yi maka, sai da ka yi furfura a gemu ya nuna maka.

Na gane tsoronka. Na san a Magazin in ka koya wa mutum yau, gobe ya kafa rumfa a gabanka ya kwashe maka mutane. Ban taɓa ganin laifinka a kan baƙi ba. Amma ɗanka, Iliyasu? Ɗan da ya ƙi makaranta don ya tsaya a bayanka? Na san cewa kake akwai lokaci. Dukkanmu haka muka zata.

Na karya rantsuwar. Zan yi kaffara, Allah Ya gani. Na sa ya kawo sauran gaid ɗin da sabo ɗaya, na ƙunshe su, suka kwana a firiza. Da safe na cika fulas na miƙa masa, na faɗa masa abin da zai yi. Ya tsaya yana kallon fulas ɗin kamar bai taɓa ganinsa ba.

Sun shige, Baban Sadiya. Ya ce ɗan taɓawa kawai yake yi da guduma. Ya gyara ramukansu daidai da bawul, ya wasa mazaunin bawul ɗin, ya zuba kananzir ya jira, ko ɗigo bai wuce ba. Da ya haɗa motar sai ya roƙi bogan suka kawo ta bakin lungunmu na Akwatialine, tunda ba ni da ikon fita. Ta taga na ji ƙararta. Sadiya ta je ta tsuguna a bayan salansa, ta dawo da gudu tana cewa babu hayaƙi. Yaya Issaka bai ƙara tayar da maganar masu taya ba.

Sai dai bayan sun tafi Bashiru ya shigo ɗakina. Bai yi murna ba. Ya tambaye ni me ya sa ka ɓoye masa, ko ba ka ga ya isa ba ne. Na dubi fuskarsa, na ga amsar nan ce za ta zaunar da shi ko ta tayar da shi. Sai na ce masa kai ka bar mini saƙon a asibiti, ka ce in faɗa masa ranar da ya kama aikin shi kaɗai, don ka san zai iya. Ya kifa kai a gwiwata ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'izarka.

Ba ka faɗa ba, ni da kai mun sani. Amma na zauna da kai tun ina yarinya, na san yana cikinka, bakinka ne mai nauyi. Ni ma ban taɓa gaya maka ina alfahari da kai ba, masifa kawai na iya. To ga shi na faɗa.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya yafe mana baki ɗaya. In an tambaye ka a can, don Allah kada ka ƙaryata ni.

Matarka har gobe,
Adiza mai sobolo