Ba Zan Daina Koya wa Bushra Ba

Zuwa ga Yaya Gidaɗo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya ruwan Fatakwal? Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan Mafara sai godiya, ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji.

Ƙaninmu Abdulrashid ya kawo mini saƙonka, wai in daina koya wa 'yarka Bushra Turanci ta waya, don nawa na kasuwa ne, kuma zan cire mata kunya. To Yaya, na kasuwa ne, ban musa ba. Rabi a sakandare na samo shi, rabi a bakin motocin albasa. Amma ka manta ganawar shiga makarantar koyon jinya ta matso? Baki da baki ake yin ta. Bara ta san amsa sarai, ta sunkuyar da kai ta yi shiru, aka sallame ta. Bana ba za a sake ba ina da rai.

Tunda hanyar Maradun ta lalace ba na iya zuwa wurin su Bushra, sai kiran bidiyo. Da farko in ta ga fuskata sai ta ja mayafi ta yi ta kallon tabarma, wai gaban gwaggo take. Sai na juya wayar ga buhun albasa, na ce yau ita ce mai kaya, ni baƙuwa ce daga Kudu, ba na jin Hausa. Na kushe kayan, na ce duk ruɓaɓɓu ne. Yaya, ashe yarinyar nan tana da baki! Ranar kasuwa kuwa na miƙa wayar ga wata Madam 'yar Anacha da ta zo sayen albasa, mai magana kamar ana korar ta. Bushra ta roƙe ta ta maimaita a hankali, ta saurara tsaf, sannan ta ƙi tayin da Turanci. Sai da Madam ta ƙara.

Kunyarta na nan, har gobe durƙusawa take in za ta gaida manya. Ni dai ka yi haƙuri, ba zan daina ba. In ka matsa, kira ta da kanka ka faɗa mata. Sai dai ka shirya, yanzu ta iya cewa albarka.

Ka gaida Kawu Muntari da mai ɗakinsa Taiba. Inna na gaishe ka, ta ce ka bi ni a hankali.

Ƙanwarka,
Hindu mai albasa