Kwalabe Uku a Cikin Kula

Inna,

Ina kwana, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda ba kya ji a waya, da safe kuma a bakin ƙofa nake miƙa miki yaron in ruga kada motar ma'aikata ta bar ni, da yamma babansa ke ɗauko shi, sai na ce bari in riƙa sa miki takarda a cikin kular nan tare da nonon.

Kwalabe uku ne, na jiya. Ki sa a firij, in zai sha ki tsoma cikin ruwan ɗumi.

Kin tambayi babansa inda nake tatsa. A sito ne, Inna, tsakanin katan-katan na sabulu. Ƙofar ba sakata, kan bokiti nake zama in tokare ta da ƙafa. Hutun rabin awa ne, injin tatsar yana cinye minti ashirin da biyar, sauran biyar in wanke shi in koma kan kanta ina yi wa masu sayayya murmushi. Abinci sai na dawo gida. Na gaji, wallahi, amma in na tuna yana sha sai in ji dama-dama.

Yana shanyewa kuwa? Ki huta lafiya.

Autarki

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, takardarki ta same ni, sai da na nemo tabarau. Rubutun naki har yanzu kamar kaza ta yi tonon ƙasa.

Jaririn naki, wato maigidana, yana nan lafiya, ya yi kumatu, ba ya ba ni kuɗin cefane sai kuka. Kada ki damu da cikinsa, ba ya kwana da yunwa a hannuna. Ke ce abin damuwa. Jiya da na hango ki a ƙofa duk wuyanki ya fito. Mace mai shayarwa ba ta wuni da ruwa kawai. In tatsar nan tana wahalar da ke, ki rage, ba wanda zai ce kin gaza.

Ga kwalaben na wanke. Allah ya yi miki albarka.

Innarki

*

Inna,

Barka da asuba. Yau biyu ne, ki yi haƙuri. Nonon yana ja baya. Mako uku ke nan da komawata, in na dawo na ba shi sai ya ɗan tsotsa ya kau da kai, da safe ma haka, ni kuma in zauna a sito in yi ta matsa har fata ta yi ja. Shekaranjiya manaja ya turo ƙofa yana neman katan, na ce akwai mutum a ciki, ya ce sito ba ɗakin haihuwa ba ne. Ya ba ni takardar gargaɗi saboda na ƙara minti goma. Na je na yi kukana a banɗaki.

Sau biyu ina tambayarki ko yana shanyewa, kina ba ni labarin kumatu. Jiya kuma da nake wanke kular na tsinci ɗan cokalin roba, irin na cikin madarar gwangwani. Ni ban saya ba, babansa ya ce bai saya ba.

Ki gaya mini gaskiya, don Allah.

Autarki

*

Auta,

Ina gaishe ki, kuma ina jin kunyarki.

Tun ranar farko da na buɗe firij na ga nonon ya rabu biyu, maiƙo a sama, ƙasa tsararo kamar ruwan wanki. Ni na shayar da ku shida, amma ban taɓa ganin nonon mutum a kwalba ba, daga jiki sai baki. Na ce zafin sito ya lalata shi. Na ji tsoron cikin yaron, na aika aka sayo gwangwani. Naki kuma ina juyewa a wurin wanke-wanke, in sakar masa famfo, in wanke kwalba in mayar miki.

Kullum ina cewa gobe zan faɗa, in na ga yadda kike miƙo kular da hannu biyu sai bakina ya mutu. Bai sha ko ɗaya ba, 'yar nan.

Ki yafe wa uwarki.

*

Inna,

Ina kwana. Ba lalacewa ya yi ba. Haka yake yi in ya kwana, jujjuya kwalbar kawai ake yi ya haɗe.

Na karanta takardarki a kan bokitin. Na lissafa, kwalba arba'in da ɗaya. Na kasa kunna injin sai da hutu ya kusa ƙarewa.

Ga rabin kwalba, iya abin da ya fito ke nan. Na yafe, amma kada ki tsayar da ni da magana a ƙofa, ba zan iya ba tukuna.

Autarki

*

Auta,

Gaisuwa. Na jujjuya, ya haɗe fari tas a hannuna, sai da na zauna.

Ya shanye, yana ta lalube da baki yana neman ƙari. Na tsaya a gaban wurin wanke-wanken da shi a kafaɗa, ba ni da abin ba shi sai gwangwanin.

Na sa miki abinci a inda kwalabe biyun suke zama. Ki ci kafin ki kunna injin.

Innarki