Tabar Lahadi

Talata, 3 ga Satumba

Likita ya ce tarin 'yarmu Laras asma ne. Ya tambaya ko akwai mai shan taba a gida, na ce babu. Murtini ta yi mini irin kallon da mace ke yi wa miji a gaban mutane. To ai ban yi ƙarya ba. Kara ɗaya ne, ranar Lahadi, a barandar Baba. Likita ya ce warin da ke maƙale wa riga ma ya isa ya tayar wa yarinya da ciwo.

Alhamis, 5 ga Satumba

Murtini ta saka mini manhajar daina taba a waya, wai ta masu sha jefi-jefi ce. Tana tambayar abin da ke sa ni sha: gajiya, ɓacin rai, abokai. Babu gurbin uba. Na zaɓi abokai, Allah ya yafe mini.

Lahadi, 8 ga Satumba

Na je. Baba ya buɗe gwangwaninsa, ya barbaɗa kanumfari a kan tabar garin Temanggung, ya naɗa biyu, ya miƙo mini ɗaya. Sai an kunna tabar bakinsa yake buɗewa: farashin taki, gwiwarsa, wanda ya rasu a ƙauye. Tun rasuwar Inna iyakar hirarmu ke nan, tsawon kara ɗaya. Wayar ta yi ƙugi a aljihu, wai in sha ruwa in ja dogon numfashi. Na ja, amma na hayaƙi.

Da na dawo Laras ta rugo za ta rungume ni, uwar ta riƙe ta sai na cire riga. Abin ya yi mini ciwo.

Laraba, 11 ga Satumba

Laras ba ta je makaranta ba. Ƙirjinta na kuka kamar ɗan kyanwa.

Lahadi, 15 ga Satumba

Manhajar ta ce in shirya amsata tun daga gida: na gode, na daina. Wanda ya rubuta wannan bai da uba ɗan tsibirinmu na Java. Wa ke mayar wa mahaifinsa hannu? Da Baba ya miƙo mini tabar na karɓa da hannu biyu, na ajiye kusa da kofin shayi, ban kunna ba.

"Ta yi ɗaci ne, Gun?"

"A'a Baba, ƙirjin Laras ne."

Ya sha tasa, na kalli kajinsa, na yi sallama. A hanya waya ta ba ni tauraron yabo don ban sha ba, har da tafi. Saura kaɗan in jefa ta cikin gonar shinkafa. Tsoro nake ji. Idan babu tabar, me ya rage tsakanina da shi?

Lahadi, 22 ga Satumba

Ban je ba. Na ce hadari ne. Ko ɗigo ba a yi ba.

Lahadi, 29 ga Satumba

Murtini ta kora ni gidan Baba, ta ce gudun uba bai cikin abin da likita ya rubuta.

Na same shi a baranda, ba gwangwani, sai kwandon gyaɗa. Ya turo mini da ƙafa. Muka yi ta ɓara, har na fara neman dalilin tashi. Sai ya ce, bai ɗago ba, shi fa tun bara da huhunsa ya matsa masa ya bar taba. Ranar Lahadi kawai yake naɗawa.

Na ce to don me, Baba?

"Na zaci ita ke kawo ka."

Ban san abin da na amsa ba. Ina jin na ce gyaɗar bana ta yi kyau. Daga nan ya shiga zancen Inna, yadda take ƙona shinkafa farkon aurensu, abin da ban taɓa ji ba.

Sai bayan magariba na taso. Gyaɗar ce da yawa, ba wani abu ba.